Kofin da Yaya Ta Ce Matacce Ne

Yayata maginiya ce, ni kuma direbarta ce, mai ɗaure mata kaya, kuma bakinta a kasuwa. Haka Allah ya raba mana tun muna yara: ita ya ba ta hannu, ni ya ba ni murya. 'Yan baje-koli Rediyo suke ce mini, kuma ban taɓa jin haushi ba, don ko a ƙarshen layi kake, in na ce "ga kofi!" sai ka waiwayo. Ita dai Yaya har gobe Auta take kirana, alhali ina da jikoki.

Duk shekara idan lokacin baje-kolin masu sana'ar hannu ya kama, mukan cika tsohuwar motarmu da kwalaye mu shiga zagayen jihar. Wannan makon filin wata makaranta, mako mai zuwa babban zauren gari, wani lokacin ma titi ne kawai aka tare da igiya aka kafa rumfuna. Wuri ne yake canzawa, mutanen su ne dai. Ga masu saƙa, ga masu sassaƙa, ga wata mai sabulu da take cika mana hanci da ƙamshi tun safe. Amma layin magina ne layina. Ina son in ga yadda suke buɗe kwali, su warware tsohuwar jarida a hankali, su goge ƙura da gefen riga, su jera kaya su ja da baya su duba, su sake matso da wani kwano ɗan kaɗan. Mutum ya kwashe watanni yana fama da laka da wuta, ya ɗauko abin da jijjigar hanya ɗaya za ta iya gamawa da shi, ya zo ya ajiye a gaban baƙi yana murmushi. Wallahi mutanen nan suna burge ni.

A cikinsu kuwa babu kamar Yaya, ba don uwarmu ɗaya ba. Kofunan shayinta sirara ne har in ka ɗaga ɗaya wajen rana sai ka ga haske ta bakinsa. Na sha ganin mutum ya zo yana surutu a waya, ya ɗauki kofi da hannu ɗaya don ya ga farashi, sai ya yi shiru, ya sa wayar a aljihu, ya riƙe kofin da hannu biyu. A nan nake shiga da bakina. Yaya ba ta iya talla ba. In aka yaba mata sai ta ɗaure fuska ta ce ruwan ƙyallin da ta shafa wa kofin bai zauna yadda ta so ba.

Kafin kowane kofi ya ga kasuwa, sai ya bi ta gaban cokali. Wani tsohon cokalin shayi ne na ƙarfe da ba ya barin aljihun rigar aikinta. Ranar da aka buɗe tanderu, bayan kaya sun huce, takan zauna a bakin ƙofar ɗakin aiki, ta ɗora kofi a kan yatsunta, ta ɗan buga masa cokalin a gefe, ta karkata kai. Lafiyayyen kaya yana da amo siriri mai tsawo. Wanda ya yi tsagar da ido ba ya gani kuwa, ƙwas zai ce ya yi shiru. Irin wannan matacce take ce masa. Ba ta karya masa farashi, ba ta kyautar da shi. Akwai wani dutse a bayan tanderu, a kansa take fasa shi da hannunta. Takan ce gara ya fashe a gidanta da ya fashe a hannun wata baiwar Allah da ruwan zafi a ciki.

Kunnen nan nata ya yi suna. A baje-koli za ka ga magini mai furfura ya lallaɓo da tulunsa yana cewa, "Gwana, ɗan ji mini wannan." In ta buga ta gyaɗa kai, ya koma yana fara'a. In ta taɓe baki, ya mayar da shi ƙarƙashin tebur, ba musu.

A bara abin ya fara. Aka buɗe tanderu, kofuna suka fito kyawawa, Yaya ta zauna da cokalinta. Ta buga na farko, ta ajiye shi gefen matattu. Na biyu ma haka. Ina tsaye da kwali a hannu ina jin amo yana tashi tsaf, ita kuma tana ta tura su gefe.

Na ce, "Yaya, wallahi ni na ji wannan yana kuka."

Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau. "Ke kika ji? Ke da motar nan take ƙara tun daga gida ba kya jin ta saboda surutunki?"

Wace ce ni? Na ɗauka akwai wani abu a cikin amon da sai gwanaye ke ji, mu sauran mutane ƙara kawai muke ji. Na koma ciki ina jin ana fasa su ɗaya bayan ɗaya, raina yana ƙuna.

Yaya ba mai zama ta yi kuka ba ce. Ta canza mai kawo mata yumɓu. Ta sake tace laka ta hanyar da ta fi wahala. Ta sa aka rushe gindin tanderu aka sake gina shi, ta rage saurin wuta, ta ƙara kwanakin bushewa. Manyan kwanoni masu kauri da tukwanen furanni suna wucewa lafiya, amma sirara duk mutuwa suke yi. Tsibin tsingaro a bayan tanderu ya taso har ya kai mini gwiwa.

Ɗaya kawai na ƙwata. Wani kofi ne mai launin kore-kore, ruwan ƙyallinsa ya gangaro ya taru a gindi ya yi duhu. Ta ɗaga shi za ta nufi dutse, na fizge na ce kofin shayina ya fashe, wannan nake so.

Ta ce, "Riƙe. Ranar da ya tsage miki a cinya kada ki kira sunana."

Da shi nake shan shayi tun daga ranar, a gida da kasuwa, kuma bai taɓa ɗigar da ko ɗigo ba.

Wata safiya na same ta zaune gaban injin juyi da take gina kofuna a kansa, ba ta kunna shi ba, tana kallon tafin hannunta. Ta ce, "Hannun ne, Auta. Ya tsufa. Ba ya iya siriri kuma."

Saboda haka da muka fita zagayen bana, teburinmu kwanoni ne masu kauri da tukwanen furanni. Masu kyau ne, ban ce ba, amma ba don su ake neman rumfarmu ba. Tsofaffin masu sayayya suna zuwa suna leƙe-leƙe suna tambayar kofuna, Yaya ta ce sun ƙare, ta kau da kai. A baje-kolin farko ta kira matar da ke rabon rumfuna ta ce mata wannan ne zagayenta na ƙarshe, baɗi a ba wani wurinta. Injin juyin ma ta ce za ta ba wata makaranta da ke koyar da gini.

Na yi faɗa har muryata ta dushe, abin da bai taɓa faruwa ba. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta kowa yana garin aikinsa, yumɓu ne kaɗai yake tayar da ita daga gado da safe. Na san Yayata. In aka fitar da injin nan daga gidan, za ta zauna a kujera ta fuskanci bango, kuma ba za ta daɗe ba. Na faɗa mata haka ƙarara. Ta ce ita ba za ta tsufa tana sayar da tukwanen furanni ana tausaya mata ba.

Baje-kolin ƙarshe a wani fili ne a bakin kogi, wurin da iska ba ta hutawa. Aka haɗa mu maƙwabtaka da Mai Ƙararrawa, wani dattijo dogo da ke gina butocin shayi da ƙananan ƙararrawa na yumɓu. Shi da Yaya sun daɗe suna tsokanar juna: ita ta ce butocinsa suna zubar da shayi ta ko'ina ban da baki, shi ya ce kofunanta na masu tsoron nauyi ne. Kowa ya san shi da wata ɗabi'a, in zai gwada kayansa sai ya kai shi bakinsa ya danna a haƙora kafin ya buga. Ni dai na daɗe da yanke cewa akwai ɗan taɓi a kansa.

Ya rataye ƙararrawarsa a igiya daga wannan sanda zuwa wancan, iska ta samu abin wasa. Tun safe suke cilin-cilin a kunnena. Ina ciniki ina ɗaga murya a kansu, har kaina ya fara ciwo. Wajen azahar kasuwa ta ɗan lafa, na zuba shayi a kofina na zauna, ina shirin ce masa ya sauke su ko in sauke masa. Sai Yaya ta riga ni.

"Malam, bana kuma ƙararrawar ado ka kawo mana? Tun safe iska ke kaɗa su, ko ɗaya ba ta ce uffan ba."

Na buɗe baki zan yi dariya, don na ɗauka tsokana ce irin tasu. Sai na dubi fuskarta. Babu wasa a ciki. Tausayi ne ma, irin na magini da ya ga kayan ɗan'uwansa sun lalace.

Mai Ƙararrawa ya dube ni, na dube shi. Ya bari har Yaya ta juya tana gyara jerin kwanoni, sannan ya ciro ƙaramar ƙararrawa ya zagayo bayanta ya kaɗa ta dab da kafaɗarta. Ƙarar ta shiga mini har cikin haƙori. Yaya ba ta ko motsa ba. Ya ajiye, ya ɗauko wata babba mai kauri daga kan teburinsa, ya kaɗa sau ɗaya.

Ta waiwayo. "To, ga ɗaya mai rai."

Innalillahi. Nan take abubuwa suka riƙa dawo mini. Butar da ke fito a kan wuta ta ƙone mata har ƙasa, na ce mantuwa ce. Wayarta tana ta kuka a kan tebur ba ta ɗauka, na ce miskilanci ne. Ta ce mini tsuntsaye sun bar bishiyar gidanta, ni kuwa su ne suke hana ni jin labarai in na je. Ta yaya za a gane? Ita kaɗai ce a gida, wadda take yini da ita kuma ni ce, ni da ko bango yana jin maganata. Ƙara mai kauri tana ji, siririya ce ta ɓace mata. Kofi kuwa, iya sirantarsa da kyan gasuwarsa, iya sirantar amonsa. Ashe waɗanda suka fi kyau a duk abin da hannunta ya taɓa ginawa, su take kai wa dutse.

Ranar nan Rediyo ta mutu. Na rasa ta inda zan fara. Ta yaya za ka ce wa matar da jiha guda ke kawo wa tulu ta saurara, kunnenta ya tafi?

Dattijon ne ya miƙo hannu ya ce in ba shi kofina. Na watsar da sauran shayin na ba shi. Ya goge shi da gefen rigarsa, ya ɗaga shi wajen rana, ya daɗe yana kallo. Sannan ya zo ya tsaya a gabanta sosai, inda za ta ga bakinsa.

"Gwana, ɗan ji mini wannan."

Ta karɓa ta harare ni. "Wannan ai na Auta ne. Tun bara na ce matacce ne." Duk da haka ta ciro cokali, don ba ta iya ƙin gwaji. Ta ɗora shi a yatsu ta buga. Amon ya tashi ya daɗe, har wata mata da ke duba mayafi a rumfar masu saƙa ta juyo tana neman inda ya fito.

Yaya ta ce, "Ka ji ko? Ƙwas."

Ya ce, "Sa gindinsa a haƙoranki na gaba, ki sake bugawa."

"Haba Malam. Ni ban haukace ba tukuna."

"Ni ma ban haukace ba, Gwana. Kunnena ne ya tafi tun ina saurayi, a wani kamfani mai injuna da na yi wa aiki. Kin ɗauka daɗin yumɓu nake ji da nake cizonsa? Ƙashi yana jin abin da kunne ya bari. Gwada."

Ta tsaya tana kallonsa, ta kalle ni. Ban san abin da ta gani a fuskata ba. Ta waiwaya ko akwai mai kallo, ta kai kofin baki, ta danna gindinsa a haƙora, ta buga cokali.

Idanunta suka buɗe. Ta tsaya haka, kofi a baki, har amon ya ƙare. Ta sake bugawa. Ta sake. Sannan ta sauke shi a hankali, ta riƙe da hannu biyu yadda baƙi ke yi, ta nemi kujera ta zauna. Mai Ƙararrawa, Allah ya saka masa, ya koma rumfarsa ya shiga sauke ƙararrawarsa ɗaya-ɗaya, kamar dama abin da ya yi niyya ke nan.

Tana nan zaune da kofin har muka tashi. Ni na yi ciniki, ni na naɗe kaya, ni na loda mota. A hanya kofin yana cinyarta, ta rufe shi da tafin hannu saboda ramuka. Na yi tuƙi mafi natsuwa a rayuwata.

Muna isa da sauran rana, ba ta shiga gida ba, ta zagaya bayan tanderu. Na bi ta. Ta durƙusa gaban tsibin nan ta fara tonawa da yatsa. Ta ɗauko wani guntun baki mai launin zuma ta ɗaga shi wajen haske, ta ajiye. Ta ɗauko wani mariƙi shi kaɗai, ba kofin. Duk ta san su.

Ba ta juyo ba ta ce, "Auta, waɗannan duk kin ji su?"

"Na ji, Yaya."

"Suna kuka?"

"Suna kuka."

"Me ya hana ki faɗa?"

Kai! Haushi da tausayi suka haɗe mini. Na ce, "Na faɗa, Yaya. Tun ranar farko na faɗa."

Ta daɗe tana juya mariƙin nan a hannu. Ni a sanina Yaya ba ta taɓa ba wani mahaluki haƙuri ba, kuma ranar ma ba ta bayar ba. Abin da ta ce shi ne, "Kin faɗa." Ta share fuska da bayan hannu, ta bar laka a kumatu, ta dafa kafaɗata ta miƙe.

"Kira matar nan mai rabon rumfuna. Ki ce ta bar mini wurina. Kuma ki yi magana a hankali, ita ba kurma ba ce."

Na kai ta asibiti, suka ba ta 'yar na'urar da ake sawa a kunne. Ta ce tana jin tsuntsaye yanzu, kuma sun fi yadda ta sani surutu, amma kofi a cikin na'urar nan kamar gwangwani yake, ba za ta yanke wa aikinta hukunci da ita ba. Ta koma kan injin juyi. Na leƙa wata safiya na ga laka tana tashi tsakanin yatsunta tana sirancewa, tana sirancewa, har na riƙe numfashi. Hannun da aka ce ya tsufa ke nan.

Ranar da aka buɗe tanderu na zo da kwalayena kamar kullum. Na tarar da kujera biyu a bakin ƙofar ɗakin aiki. Ta nuna mini ɗaya da haɓa, na zauna. Ta sa hannu a aljihu ta ciro cokalin ta miƙo mini. Shekarun nan duka ko wanke shi ban taɓa yi ba.

Na ce, "Yaya, ga haƙoranki fa."

Ta ce, "Kofin da mutane za su sha shayi zan bi ina ciza? Riƙe. A yatsu, ba a tafi ba. Sassauta. Ba ƙofa kike bugawa ba."

Na buga na farko. Amo ya tashi. Ita ba kofin take kallo ba, fuskata take kallo. Na gyaɗa kai, ta ajiye shi a kwali. Na biyu, na uku, duk lafiya. Muka yi ta yi har kwali ya kusa cika, ni ina zufa kamar mai jarrabawa.

Can ƙasa ta ciro wanda ta ɓoye don ƙarshe. Fari ne tas, bakinsa da siririn zobe shuɗi, bai fi nauyin ƙwai ba. Na ga yadda ta riƙe shi, na san shi ne ɗan gatan wannan wutar. Na ɗora a yatsu na buga.

Ƙwas.

Na gyara riƙo na sake bugawa. Ƙwas. Zuciyata ta ce ki gyaɗa kai kawai, wa zai sani? Matar nan ta fasa abin da ya isa. Na ɗago, tana nan tana kallona, tana jira.

Na ce, "Matacce ne, Yaya."

Na ɗauka za ta kai shi haƙoranta ta tabbatar, kuma da ta yi ba zan ga laifinta ba. Ba ta yi ba. Ta karɓe shi daga hannuna, ta shafa zoben shuɗin nan da babban yatsa, ta miƙe ta zagaya bayan tanderu. Ina zaune da cokali a hannu na ji ƙarar fashewarsa a kan dutse.

Ta dawo tana kaɗe hannu ta ce in rufe kwalin, in sa jarida da yawa a gefe.